TAKIN KWALBA A GONAR SURUKI

Shafi na 14

Masu cika mini akwatin saƙo tun asuba, ga shi nan, ku bar ni in sha iska. Masu zagin Beatrice kuma ku ɗan riƙe bakinku, ba ku ji ta bakin uwar ɗakinta ba tukuna.

*

Beatrice na tsugune a ƙofar ɗaki tana tankaɗe garin masara ta ji babur ya ja birki a waje. Tun kafin a turo ƙyaure ta san ƙanenta Mika ne, don duk hanyar Dabai zuwa Zuru babu mai tuƙin ganganci irin nasa. Abin da ba ta saba gani ba shi ne ya shigo babu ko gaisuwa.

Laka ce a jikinsa har gwiwa. A hannunsa karan masara uku ne, ya tumɓuko su da saiwarsu. Ya zube su a gabanta.

"Yaya, duba."

Ganyen ya ƙone tun daga baki, ya yi ja, ya nannaɗe kamar an gifta masa wuta. Rariyar ta suɓuce daga hannunta.

"Wanga daga ina?"

"Ke ma kin sani. Gonar Baba Saja ce."



Baba Saja, wato Michael, tsohon soja ne mai ritaya, kuma shi ne mahaifin Gladys, yarinyar da Mika ke nema. Golmo Mika yake yi masa, noman nan da saurayi ke yi wa uban budurwa kafin a ba shi ita. Gidaje da yawa yanzu sun sassauta, wasu ma kuɗi suke karɓa a wuce wurin. Ban da Baba Saja. Cewa ya yi shi ba ya sayar da 'ya, mai so ya shiga gona damina uku a ga halinsa. Mika ya yi biyu, bayansa ya sha rana, hannunsa ya yi kanta. Wannan ce ta ƙarshe, har an tsayar da biki bayan girbi.

Da tsohon zai tafi Birnin Kebbi tantance 'yan fansho, sai ya ƙirga wa Mika kuɗin takin yuriya buhu huɗu, ya ce ya sa wa masara kafin ya dawo. Kuɗin nan ne Beatrice ta tare a hanya. Wata ya zo ƙarshe, kamfanin Koren Arziki da Madam Sandra ta shigar da ita kuwa dokarsa ita ce duk wata sai ka sayi kwalayen takinsu, in ba haka ba a sauke ka daga matakinka, mutanen da ka sha wahalar shigarwa su koma hannun wani. Babu ko ɗaya a mutanenta da ya sayi komai. Sai ta zaunar da ƙanenta, ta yi masa daɗin baki, ta ce takin ruwa na kwalba ya fi na buhu sau goma. Ta karɓe kuɗin, ta ɗora masa kwalaye a bayan babur.

"Duka gonar?" ta tambaya.

"Tun daga bakin rafi har gindin ɗorawa. Ni da abokaina shida munka yi feshin, ko layi guda ba mu tsallake ba."

"Murfi nawa kunka zuba ga famfon feshi?"

"Huɗu."

"Huɗu..."

"Kada ki maimaita mani kamar yau kinka fara ji, Yaya! Jikin kwalba biyu anka rubuta. Na nuna maki da yatsana. Kinka ce Madam Sandra ta ce ƙasarmu ta gaji, sai huɗu."

Haka aka yi. 

Mika ya zauna a kan turmi, ya dafe kai. Ƙato guda, mai iya noma kadada shi kaɗai, amma idonsa ya cika da hawaye. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, rabon da ta ga kukansa tun yana firamare.

"Da gonata ce da sauƙi," ya ce a hankali. "In ci asarata in yi shiru. Gonar suruki hwa, Yaya. Kuma ya kira ni shekaranjiya, ya ce na sa taki? Na ce na sa, Baba. Kin san shi. Ya taɓa ce mani zai yafe ma rago, amma ba ya haɗa zuri'a da maƙaryaci."

"Yaushe zai dawo?"

"Jibi." Ya ɗauki kara ɗaya, ya buɗa tsakiyarsa da babban yatsa. "Duba nan, zuciyar ba ta mutu ba. In anka samu yuriya yau, ga ƙasa da danshi, sabon ganye zai fito. Ko bai gyaru duka ba, zan iya tsayawa gabanshi in ce ga abin da ya faru, ga kuma takinka na sa. Ba ni kuɗɗin, Yaya."

Ta kalli ɗakinta. Kwali goma sha ɗaya ne jibge a bayan ƙofa, ko buɗe su ba a yi ba. A jakarta kuwa ko kuɗin cefane babu.

Ta zari mayafi, ta kwashi karan masarar.

"Tashi ka kai ni gidan Madam."

*

Farar motar nan mai tambarin kamfani na ajiye a ƙofar gidan Sandra, tana ta sheƙi. Motar da ta hana matan unguwa barci ke nan, ita ce kuma ta ja Beatrice cikin harkar bara. Mika ya ce ba zai shiga ba, don in ya ga matar bai san abin da bakinsa zai faɗa ba. Ya tsaya a gindin mangwaron da ke tsallaken titi.

Sandra na falo, ta ci ado da leshi, ta kafe waya a jikin kofi tana ɗaukar kanta bidiyo.

"...ni ma da ƙosai nike sayarwa bakin tasha. Yau ga ni. Ki kawo mutum biyu kawai, 'yar'uwa, biyu kacal..."

Beatrice ta zube karan a kan tebur, laka ta fantsama har jikin wayar.

"Haba, Maman Glory! Mi ye haka?"

"Aikin takinki ne. Gonar surukin ƙanena."

Sandra ta leƙa ganyen daga nesa, ta taɓe baki.

"Ai haka shike yi da farko. Dattin ƙasa ne shike fitarwa. Ki ba shi sati biyu."

"Madam, ɗiyar manomi ce ni. Na san ƙonannen ganye in na gan shi."

"Matsalarki ke nan, tunanin talauci. Na sha gaya maku wurin horo, mai son hawa sama..."

"Ban zo horo ba." Beatrice ta ji muryarta ta tashi, ba ta kuma yi ƙoƙarin sauke ta ba. "Ran da kinka shigar da ni, gaban matan zumuntar coci kinka ce duk kwalin da bai sayu ba kamfani na karɓa ya maida kuɗɗi. Ina da sha ɗaya. A karɓa yau, in sayi yuriya. Auren yaron ga na rataye ga wannan gonar."

Sandra ta dube ta. Sai ta miƙa hannu ta kashe wayar. Ta yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta.

"Kamfani na karɓa," ta maimaita. "Zo."

Ta ciro mabuɗi daga cikin rigarta, ta wuce gaba, ta buɗe ɗakin da Beatrice ta sani a matsayin ɗakin yara. Wani wari mai hawa kai ya buso. Babu gado, babu katifa. Kwalayen Koren Arziki ne tun daga ƙasa har rufi, na ƙasan sun jiƙe sun lotse, kwalabe sun kumbura, wani baƙin ruwa ya bushe a siminti.

"Yarana falo suke kwana wata takwas ke nan," in ji Sandra. "In kamfani na karɓa, ni mahaukaciya ce da zan aje wannan?"

Beatrice ta juyo gare ta.

"Amma ke ce babba duk ƙasar Zuru. Mutum ashirin da shida ƙarƙashinki. Ga mota."

"Mota?" Sandra ta zauna a kan wani kwali. "Duk wata ana cire kuɗɗinta daga ladana. Watan da na kasa cika adadi, su aiko a ɗauke ta gaban jama'a. Ashirin da shidan nan kuwa, sha biyar ni na yi masu rajista da kuɗɗina don kada reshe guda na mutanena ya mutu. Dangin maigidana na Sakaba suna ciki, ba su ma san suna ciki ba. Har uwata tana ciki."

"Mama da munka binne shekara uku?"

"Duk wata tana sayen kwali biyu."

 Ashe kallon kitse suka yi ta yi wa rogo, Beatrice da duk matan da ke tafi in Sandra ta shigo taro.

"To manoman da kinka ce suna rububi? Na Bena da na Dirin Daji?"

"Wane manomi zai bar buhun da ya sani ya sayi kwalba mai tsadar buhu? Sai wanda 'yar'uwa tai ta matsa mashi, kamar ƙanenki. Ba manoma ke saye ba, Maman Glory. Mu ne masu saye. Mu ne kasuwar." Ta share zufar da ta fara wanke mata hoda. "Maigida ya taɓa zaunar da ni ya zana mani bayan kalanda. Kowa ya kawo biyu, biyun su kawo huɗu, huɗu su kawo takwas. Kafin hawa na ashirin an wuce mutum miliyan. Ya ce mani, Sandra, Zuru mutum nawa ce, ko an haɗa da jarirai? Wanda ya shigo farko daga can sama shi ke ci. Mu na ƙasa mu ne abincin."

"Kin san haka kinka shigar da ni?"

"Lokacin na riga na zuba kuɗɗin filina. In ban jawo ki ba, ni zan nutse."

Beatrice ta sunkuya ta zaro kwalba ɗaya. Inda ake buga ranar lalacewa an goge shi fes, sai ɗan shatin tawada. Ta tuna na gidanta ma haka suke, ta ɗauka daga kamfani haka ake yin su.

"Kwalayen da kinka ba ni watan ga, daga ina sunka fito?"

Sandra ta kau da kai.

"Daga nan ɗakin?"

"Da kananzir ake gogewa. Ba wuya."

"Murfi huɗun hwa?"

"In an zuba biyu, kwalba sai ta kai damina ta gaba. In an zuba huɗu, ta ƙare da wuri, a dawo a sayi wata. Ni ban taɓa riƙe fartanya ba, ina zan san zai ƙone?"

Beatrice ta ji kamar ta rufe ta da duka. Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk abin da Sandra ta yi mata, shi ita ma ta juya ta yi wa ɗan da ta goya. Ta tsani matar, ta kuma tsani kanta fiye da haka.

"Ki ba ni kuɗɗin Baba Saja," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Sun tafi wurin mota tun ranar."

"To ki nemo."

"Akwai hanya guda." Sandra ta miƙe, ta ja ƙofar ɗakin ta kulle. Nan da nan muryar bidiyo ta dawo mata. "Akwai mai zuwa rajista yanzu da sha biyu, babban ƙunshin kaya, dubu ɗari da hamsin. Ba zan tura ma kamfani ba. In ba ta kwalaye daga nan, mu raba kuɗɗin biyu. Rabonki zai sayi yuriya buhu biyu. Kafin la'asar ƙanenki na cikin gona."

"Wace ce?"

"Ta ma ce ƙarƙashinki take son shiga. Ta ga hotonki da rigar kamfani wurin taron otal, ta ce Antinta ba za ta kai ta ga halaka ba."

"Na ce wace ce?"

Kafin Sandra ta amsa aka yi sallama a ƙofar falo, da wata siririyar murya da Beatrice ta sani sarai.

Gladys ce.

Ta shigo da fara'arta, ta yi kitso sabo, ta durƙusa har ƙasa.

"Anti, ina kwana? Ashe kina nan! So na yi in ba ki mamaki." Ta gaida Sandra, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da baƙar leda a ƙulle. "Yayana soja ne ya turo mani kuɗɗin kayan ɗaki. Na ce gado da kujeru ba su gudu. Gara in juya su kamar yadda kike yi, in mun yi aure in riƙa taimakon Mika. Ya wahala saboda ni, Anti. Damina uku ba wasa ba."

Ta miƙa wa Beatrice ledar da hannu biyu.

Beatrice ta karɓa. Ba za a ɓoye ba, ta karɓa, kuma zuciyarta ta raya mata abubuwa. Buhu biyu. In aka sa yau, jibi tsohon ya tarar da gona ta fara kore, aure ya tsira. Yarinyar ma ai auren take so, in an tambaye ta tsakanin gado da Mika, Mika za ta zaɓa. Daga baya a san yadda za a yi a biya ta. Haka dai Shaiɗan ke shirya magana, tsaf, babu inda za ka kama.

Sandra ta turo fom da biro, ta matsa kusa da kunnenta.

"Shagon taki na rufewa ƙarfe biyu, yau Juma'a."

Gladys ta ɗauki biron.

"Ina zan sa hannu, Madam?"

Beatrice ta dubi yarinyar a durƙushe, kanta a sunkuye kan takarda. Haka ita ma ta durƙusa a kan wannan tebur ɗin bara, tana godiya.

Ta fizge fom ɗin.

"Tashi, Gladys. Karɓi kuɗɗinki ki ƙulle inda kinka kwanto su."

"Anti?"

"Maman Glory, kin haukace?" in ji Sandra. "Kin san abin da kike zubarwa?"

"Na sani."

"To ki je ki nemo buhunki wurin wanda zai ba ki!"

Gladys ta rungume ledar a ƙirji, tana kallon wannan tana kallon waccan. Sai idonta ya sauka kan karan masarar da ke tebur. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta murza jar lakar da ke jikin saiwar.

"Wannan ai ƙasar bakin rafinmu ce." Ta ɗago. "Anti, masarar wa ce?"

Inuwa ta rufe ƙofar falo. Mika ne, ya hango shigowarta daga tsallaken titi ya kasa haƙuri. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa ya kasa komawa.

"Mika? Mi kake yi nan? Mi ya samu jikinka?"

"Ba laifinshi ba ne," Beatrice ta yi sauri ta ce. "Ki saurare ni, ɗiyata. Ni ce. Duk abin da za ki ji, ni na..."

Wayar Gladys ta ɗauki ƙara. Ta duba, fuskarta ta canza.

"Baba ne."

 Gladys ta ɗaga, ta kara a kunne. Amma muryar tsohon soja ba ta buƙatar lasifika, duk falon ana jin ta.

"Gladys."

"Na'am, Baba. Ya Birnin Kebbi?"

"An gama da mu tun jiya. Na sauka mahaɗar Dabai da safen ga, na ce bari in biya ta gona kafin in isa gida." Ana jin iska na kaɗa busasshen ganye a bayansa. "Ina tsaye cikinta yanzu. Yaron nan na kusa da ke?"

Gladys ta kalli Mika. Mika ya kalli ƙasa.

"Yana nan, Baba."

"Madalla. Ki ce ya same ni nan. Kuma ya taho mani da buhunan takin da ya juye, su huɗun, ko a yage suke. Ina son in gan su da idona."

Ƙit, ya kashe.

Gladys ta sauke wayar a hankali.

"Mika," ta ce, "ina buhunan?"